Miliyan Biyar a Kambo Tara

Da hantsi aka tsamo gawar Abdussalami daga magudanar ban ruwa ta Kambo Tara, zangon leburori kusa da garin Managil. An sare shi sau biyu a wuya, an guntule masa babban yatsan dama. Sufeto Saifuddeen ya durƙusa ya duba gawar.

Kafin ya miƙe, jama'a sun yi wa Mato mai tsinkar auduga jina-jina, wai laujensa aka gani a bakin ruwa. Da ƙyar Sufeto ya fizge shi ya kulle a mota. Jama'ar suka rantse in la'asar ta yi ba a nuna musu wani ba, za su ƙone motar da shi a ciki. Kuma ba wasa suke ba.

Sufeto ya sami Hanaa, matar mamacin.

"Mene ne aikin mijinki?"

"Taswira yake cikewa a waya. Ka taɓa ƙauye, ta nuna maka aikin da ke akwai da kuɗin yini. Inda ake biya da kyau kore, inda ake cuta ja. Da ita leburori ke zaɓen wurin zuwa."

"Wa ke iya canja lamba?"

"Shi kaɗai. Da yatsansa wayar ke buɗewa."

Ta buɗe masa taswirar a tata wayar. Kambo Tara, da ta yi wata biyu ja, yau kore shar. An canja ta bayan asuba, kuɗin yini wai 5,000,000.

Sufeto ya yi tsaki. Dattawa ne har yau ke lissafi da tsohon kuɗi, suna kiran dubu miliyan. Abdussalami bai taɓa rubuta haka ba.

Ya nufi rumfar Alhaji Audi, dattijon ɗan kwangilar da ke ɗaukar masu tsinka a Kambo Tara.

"Alhaji, nawa kake biya?"

"Miliyan biyar, wallahi. Duba taswira ka gani."

"Leburorinka sun ce dubu biyu. Rubuta mini abin da ka faɗa."

Ya rubuta biyar, ya jera sifili shida.

"Yaushe ka duba taswirar?"

"Jiya."

"Jiya ja take."

Aka bincike motarsa. Ƙarƙashin kujera ga wayar mamacin, ga yatsan naɗe cikin tsumma.

Audi ya zube. "Auduga tana zuba ƙasa, ba mai zuwa. Na roƙe shi ya maishe ta kore, yac ce in ƙara kuɗi. Wayar kuma sai rufewa takai, shi ya sa na yanke. Laujen Mato na tsinta a gona."

Aka buga masa ankwa, aka ratsa da shi cikin taron. Sufeto ya buɗe motar da Mato ke ciki, yana huci.

"Fito, Malam Mato. Su dube ka."

Mato ya sauko yana lalube, idonsa na hagu ya riga ya fashe. Abokan aikinsa ne suka yi masa haka, kuma duk cikinsu ba wanda ya iya ɗaga kai.