Baƙin Man Ɗantani

Ranar Talata ce, ƙarshen damina. Babu iska, babu hadari. Ruwa ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma.

Ɗantani ya taso daga Yawuri bayan la'asar, shi kaɗai a jirginsa. Ba kaya, ba fasinja. Abin da ya ɗauko kwalabe huɗu ne na allurar sarar maciji, cikin 'yar kula da ƙanƙara. Kububuwa ce ta sari wansa Bagudu da hantsi a gonar shinkafa. Malamin asibitin tungarsu ya ce idan isha'i ta yi allura ba ta iso ba, sai dai addu'a. Tun kafin Ɗantani ya baro gida jini ya fara fita ta dasashin Bagudu.

Hanya biyu ce zuwa tungar. Ko ka bi gaɓa ka zagaya, ko ka ratsa ta kan Tsohon Gari, inda ruwa ya cinye gidaje lokacin da aka datse kogi. Masunta ba sa jefa taru a nan idan rana ta karkata. Ɗantani ya sani. Ya dubi rana, ya ratsa.

Injin jirgin tsohon injin mota ne mai shan gas. Ya girmi 'ya'yan Ɗantani duka. Akwai 'yar jar fitila a gaban matuƙi. Idan ta kama, baƙin mai ba ya zagaya inji yadda ya kamata. Wanda ya matsa a haka, inji zai buga, kuma shi ke nan.

Yana tsakiyar ruwa, gaɓa ta ɓace gaba da baya, fitilar ta kama.

Ya rage wuta. Ba ta mutu ba. Ya kashe inji.

Ya fara da wayar fitilar, don wani lokaci ita ce ke ƙarya. Ya girgiza ta, ya goge bakinta, ya mayar. Ya zaro sandar awon mai. Da safe a cike take. Yanzu kan sandar kawai ya jiƙe. Ya taɓa filta, a ɗaure take. Ya taɓa kusar ƙasan inji, a ɗaure. Ya kwanta rub-da-ciki ya zura hannu ƙarƙashin inji, hannun ya fito baƙi har gwiwa. Tsaga ce a wurin da yatsa ke kaiwa amma sifana ba ta kaiwa.

Yana da rabin galan na baƙin mai. Ya juye duka, ya tayar. Fitila ta mutu. Ya yi tafiyar da ba ta fi ta cin goro ɗaya ba, ta dawo. Inji ya fara wani ƙwas-ƙwas daga ciki. Ya sake kashewa.

Ya buɗe kula. Rabin ƙanƙarar ya zama ruwa.

Ya ɗauki filafili ya gwada tuƙi. Jirgin da ke ɗaukar buhu tamanin ba ya jin hannun mutum ɗaya. Ya duba wayarsa, babu sabis. Ya yi kira da ƙarfi sau biyu. Ko tsuntsu bai amsa ba.

Jirgin katako kullum yana shan ruwa. Ruwan ya taru a ƙasa, man da ya zuba yana yawo a kai. Ɗantani ya ɗauki yankakken galan ya fara kwarfewa yana watsawa waje, kamar yadda ya saba shekara ashirin.

A kwarfa ta uku aka yi masa sallama.

Wani tsoho ne a ƙaramin kwalekwale, dab da jirgin. Ɗantani bai ji zuwansa ba. Filafilin tsohon yana shiga ruwa ba ƙara, yana fitowa a bushe. Farar riga ce a jikinsa, amma hularsa da kafaɗunsa duk ɗigon baƙi ne, irin na abin da ya zubo daga sama.

Ɗantani ya amsa sallama.

“Ɗan Gado,” in ji tsohon. “Ajiye galan ɗin nan.”

Gado uban Ɗantani ne, ya daɗe da rasuwa. Muryar kuma ba daga bakin tsohon take fitowa ba. Ta ƙarƙashin katako take tasowa. A tafin ƙafarsa ya ji ta.

Ya ajiye. Ya ce, “Baba, ɗan'uwana ne ba lafiya. Allura na ɗauko.”

Tsohon ya ce sun sani. Ya ce su ma suna da marasa lafiya. Ya ce shekara ashirin kenan abin nan yana sauko musu, a kan rufi, a cikin tukwane, a idon yara. Ba su taɓa magana ba, don mai wucewa ba ya tsayawa a gaya masa. Yau ya tsaya.

Ɗantani ya dubi kula, ya dubi yamma. Rana ta taɓa ruwa.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa, gansakuka a jikinta. Ya miƙo. Tana cike da baƙin mai, mai sanyi kamar ruwan rijiya, yana warin laka.

“Naka ne. Mun tara maka. Zuba.”

Ɗantani ya karɓa ya zuba. Inji ya shanye duka.

“Zai kai ka,” in ji tsohon. “Amma abin da ke cikin jirginka ya zauna a jirginka. Ɗigo ɗaya ya faɗo, za mu karɓi abin da muka ba ka.”

Ɗantani ya tayar da inji. Fitila ba ta kama ba. Da ya waiga, babu tsoho, babu kwalekwale, babu tukunya. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Ya kama hanya. Ruwa yana shigowa, shi kuma ba halin kwarfewa. Ruwan ya rufe idon sawunsa. Ya hau ƙwaurinsa. Jirgi ya yi nauyi, yana jan ciki kamar tsohuwar saniya. Galan yana yawo yana bugun ƙafarsa, hannunsa yana kai kansa gare shi, yana janyewa. Ya ɗora kula a ka, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan a kan sitiyari. Bai ƙara wuta ba, don kada jirgi ya tangaɗa ruwan ya fantsama waje. Ya ji kiran magariba daga wata tunga can nesa. Ya yi ta ambaton Allah, bai ko iya tofar da yawu a ruwa ba.

Da hancin jirgi ya taɓa yashin tungarsu, ruwa ya kai masa gwiwa. Inji ya mutu da kansa. Mutane suka zo da bokitai za su kwarfe, ya daka musu tsawa kada wanda ya taɓa. Ya ruga da kula.

Ana kiran isha'i aka yi wa Bagudu allura ta farko. Kafin ta huɗu jinin ya tsaya. Ya rayu. Ƙafar da macijin ya sara dai ta tafi, da sanda ya ƙarasa kwanakinsa.

Ku da kuke ganin ruwa fili ne kawai, ku ji. Ƙarƙashinsa gidan wasu ne. Kada wanda ya ratsa Tsohon Gari shi kaɗai idan rana ta karkata, komai saurinsa.

Da gari ya waye Ɗantani ya kwance ƙasan injin. Babu ko ɗigon mai. Busasshen yashi ne cike, da 'yan ƙananan katantanwa. Ya mayar ya ɗaure. Ya ɗauki fartanya ya hau tudu, nesa da gaɓa, ya haƙa rami. Sannan ya dawo ya fara kwashe ruwan jirgin, bokiti-bokiti, yana kaiwa can a kansa. Bai bar kowa ya taya shi ba.