Dabino Dubu Ɗaya da Ɗaya

A shekarar da fari ya cinye gero tun yana ƙarami, rabin 'yan lakol, wato makarantar boko, na wani ƙauye kusa da Gangara sun bi iyayensu kudu. Saura yara saba'in da bakwai. Malam Labo ya ce ko yaro ɗaya ya rage, shi ba zai rufe aji ba.

A cikinsu akwai wata yarinya mai kwaikwayon mutane. Ta iya tafiyar Malam, har da tarin da yake yi kafin ya ce, "To, jama'a."

Wata safiya motar taimako ta kawo wa lakol kwalin dabino. Malam ya ƙirga a gabansu. Ya rubuta a allo: 1001. Ya ce bayan ya ɗebo ruwa za a raba daidai.

Yana fita, yarinyar ta haye gaban allo. Ta yi tari, ta ce, "To, jama'a." Aji ya fashe da dariya.

Ta ce ai wannan lamba mara ce, ba cika ba, tunda da ɗaya ta ƙare. Kuma mara ba ta rabuwa. Ɗayan nan na ƙarshe rigima kawai zai jawo. Sai ta ɗauki dabino guda ta jefa a baki, ta goge lambar, ta rubuta 1000.

Malam ya dawo, ya dubi allo. Ya jera su, ya fara ba kowa goma sha uku. Ta ƙarshe a layi Batulu ce, ƙaramar aji, wadda shanun gidansu suka mutu kaf. Ita goma sha biyu ta samu. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

Malam ya tambayi wanda ya taɓa kwalin.

"Ni ce, Malam," in ji yarinyar, ƙwallon dabinon na kumatunta. "Gyara na yi. Mara ba ta rabuwa."

"Wa ya ce miki?"

"Kowa ya sani."

Ya miƙa mata alli, ya ce ta raba 1001 gida biyu. Ya ƙi rabuwa. Ta juyo tana kallon aji, tana ɗaga gira.

"To mu nan mu biyu ne?" in ji Malam. "Raba shi gida saba'in da bakwai."

Ta yi ta lissafi tana ƙunƙuni. Goma sha uku ya fito, babu saura. Ta goge da gefen zane, ta sake. Haka dai ya fito. Malam ya nuna musu cewa lambar tana rabuwa gida bakwai, da gida goma sha ɗaya, da gida goma sha uku. Gida biyu ne ta ƙi, shi ya sa ake ce mata mara.

Yarinyar ta dubi hannun Batulu. Ta kwance bakin zanenta inda ta ƙulle nata rabon, ta zaɓi dabinon da ya fi girma, ta ba ta.

Da yamma ta kwaikwaya wa innarta duk abin da ya faru, har da yadda ita kanta ta ɗaga gira. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Ɗiyata, a rabon jama'a babu abin da ya yi yawa. In kin ga ɗaya a gefe, akwai mai shi a ƙarshen layi."

Tun daga ranar, ba ta ƙara yanke wa lamba hukunci daga ganin ƙarshenta ba. Sai ta raba ta gani. Kuma ba ta ƙara taɓa rabon da ba a ba ta ba.