Jangalin Nababa

A shekarun nan na fari, lokacin da aka yi damina biyu a jere gero bai yi ba, akwai wani yaro a wani ƙauye arewa da Bagwai. Sunansa ya ɓace mini yanzu. Amma ina tune da cewa yana aji uku a firamare, kuma yana da wata kaza wake-wake da kakarsa ta ba shi. Yana son kazar nan ƙwarai. In ya dawo daga makaranta, ita yake fara nema kafin ya nemi ruwan sha.

Tsakanin ƙauyensu da makaranta akwai wani dogon burtali, hanyar da shanu ke bi ta tsakiyar gonaki. An shinge shi da aguwa dama da hagu. A shekarar nan babu shanu. Makiyaya sun yi kudu da abin da ya rage musu. Sai 'yan makaranta kaɗai ke bin hanyar.

To, akwai wani ɗan aji shida, sunansa Nababa. Shi kam ban manta sunansa ba. Dogo ne, ya fi kowa ƙarfi a makarantar. Da an kaɗa ƙararrawar tashi, sai ya riga kowa fita. Ya je gindin tsamiyar da ke tsakiyar burtali, ya tsaya, ya tare hanya.

"Jangali!" in ji shi. "Wannan hanyar shanu ce. Duk saniyar da ta bi sai an biya mata haraji."

"Ai mu ba shanu ba ne," in ji ƙananan yara.

"To, 'yan maruƙa ne. Kai, ɗan maraƙi, zazzage aljihu!"

Mai ƙuli-ƙuli ya miƙa. Mai goriba ya miƙa. Mai ɗan guntun rogo ma ya miƙa. Nababa ba ya ci a gabansu. Sai ya zuba a cikin hularsa, ya ƙulle, ya yi gaba.

Haka yara suka daina cin abin da aka ba su a gida lokacin hutun ƙarfe tara. Suna ajiye wa Nababa.

Wata rana Inna, mahaifiyar yaron nan, ta dube shi da kyau. Ta ce, "Kai, wai me ya sa kullum kake dawowa wujiga-wujiga? Ba ka cin ɗan abin da nake ba ka ne?"

"Ina ci, Inna."

"To, wannan ƙulun da ke goshinka fa?"

"Faɗuwa na yi wajen langa."

Ƙarya ya yi. Ranƙwashin Nababa ne. Inna ta shafa masa man kaɗanya.

Ana nan, sai abinci ya ƙara wuya. Wata safiya Inna ta ce, "Yau babu abin tafiya makaranta. Ka yi haƙuri, in ka dawo ka sha kunu."

Da aka tashi, yaro ya iso gindin tsamiya hannu rabbana. Nababa ya fizge hularsa, ya cilla ta kan ƙaya.

"Ɗan maraƙi, ni za ka raina? Gobe in ka zo haka, sai na ɗiga maka ruwan aguwa a ido. In kuwa ka kai ƙarata wajen Malam, kashinka ya bushe!"

Yaro ya tafi gida ba hula. Kowa ya san ruwan aguwa ba abin wasa ba ne, yana iya makantar da mutum. Ya so ya gaya wa Baba. Ya buɗe baki, sai ya tuna idon Nababa, ya rufe.

A ɗakin Baba akwai wata tukunya da aka ɗaure bakinta da tsumma. Gyaɗar iri ce a ciki. Akuya sukutum Baba ya bayar kafin ya same ta. Ko ranar da aka kwana ba tuwo, ba a taɓa tukunyar nan ba. Baba yakan ce, "Wanda ya cinye iri, ya cinye baɗinsa."

Washegari Baba ya yi sammako wajen sharar gona. Inna ta tafi rijiya. Yaro ya lallaɓa ɗakin Baba, ya kwance tsumman. Ya ga an riga an ɓare gyaɗar, ga wani gari-gari a jikinta. Ya ɗauka toka ce, irin wadda ake barbaɗa wa wake saboda ƙwari. Ya cika aljihunsa, yana gogewa da bakin riga.

Sai ya ji muryar Inna a ƙofar gida. Ya yi wuf ya fito. Garin sauri, gyaɗa ta zube a tsakar gida. Bai tsaya tsincewa ba, ya ruga makaranta.

Ranar nan Nababa ya yi murna. "Iye! Gyaɗa? A wannan shekara? Ɗan maraƙi, yau ka zama bajimi. Wuce!"

Yaro ya wuce har da ɗan tsalle. Yana ganin ya tsira.

Da ya shiga gida, sai ya ga Baba da Inna a tsaye a tsakar gida. Ga kazarsa wake-wake a kwance a ƙasa, ƙafafu a miƙe.

"Wayyo kazata! Inna, me ya same ta?"

Baba ya ce, "Gyaɗar iri ta tsattsaga. Jiya da yamma, kana makarantar allo, na cuɗe ta da maganin da malamin gona ya raba mana, don kada gara da zabi su cinye ta a ƙasa. Guba ce. Ko mutum ya ci, sai wani ikon Allah. Abin da nake tambaya shi ne, wa ya buɗe tukunyar?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Ya tuna hular Nababa cike da gyaɗa.

In ya yi magana, asirinsa ya tonu. Ga kuma ruwan aguwa. In ya yi shiru fa? Ya dubi ƙafafun kazarsa. Sai ya fashe da kuka.

"Baba, ni ne! Ni na ɗiba! Na ba Nababa, ya tafi da ita gida!"

"Wane Nababa?"

"Jikan Iya Asama'u, na hayin rafi. Shi yake tare mu a burtali, yana ƙwace mana abinci."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Malam, ka hanzarta!"

Baba bai ƙara tambaya ba. Ya jawo tsohon kekensa daga zaure. "Hau!"

Kai, ranar nan keke ya ga gudu! Baba na taka feda, rigarsa na kaɗawa kamar tuta. Yaro ya ƙanƙame shi ta baya. Suka shiga burtali, suka wuce tsamiya kamar iska. Hular yaro tana nan a kan ƙaya, ko kallonta bai yi ba.

"Baba, ƙara gudu!"

"Riƙe ni da kyau, kai dai!"

Wani tsoho a kan jaki ya ce, "Lafiya, Malam?"

"Sai mun dawo!" in ji Baba.

Da suka iso rafi, babu ruwa ko ɗigo, sai yashi. Keke ya kafe. Baba ya yar da shi a nan, suka zuba da ƙafa. Yaro ya fi Baba sauƙin jiki, ya wuce shi. Yashi na ƙona masa tafin ƙafa, bai ji ba. Yana gudu yana ihu.

"Nababa! Kada ka ci! Nababa, kada ku ci gyaɗar nan!"

Ya faɗa gidan ko sallama babu.

Iya Asama'u na tsugune tana hura wuta, ta ɗora kasko za ta soya gyaɗar. Nababa na zaune a kan turmi, hula a buɗe a cinyarsa. A gabansa ga ƙanwarsa Safiyatu, 'yar ƙaramar yarinya siririya. Ta gaji da jiran suya, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a baki.

"Tofar! Tofar, akwai guba!"

Nababa ya miƙe a fusace. "Kai, ɗan maraƙi, har gida?"

Sai ga Baba ya shigo yana haki. Ya durƙusa, ya sa yatsa a bakin Safiyatu, ya zaro gyaɗar. Ko tauna ta ba ta yi ba.

"Iya, kawo ruwa da sabulu! Ta ci wata kafin wannan?"

"Ko ɗaya," in ji Iya Asama'u. "Yanzun nan ya shigo da ita."

"Kai fa?" Baba ya tambayi Nababa.

Nababa ya girgiza kai. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ba na ci sai ta ci."

Aka wanke wa Safiyatu baki. Kowa ya wanke hannu. Baba ya gaya musu yadda kazar ta mutu. Nababa ya dubi ƙanwarsa, ya dubi hular. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rushe da kuka. Yaro bai taɓa zaton Nababa ya iya kuka ba.

Iya Asama'u ta ce, "Ɗan nan, ashe ƙwace kake yi? Ka ce mini abokanka ne ke ba ka!"

"Iya, kullum kuka take yi da yunwa."

Baba ya ce, "Yunwa gaskiya ce, Nababa. Amma 'ya'yan da kake ƙwace wa, a gidajensu ma ita ce. Ka ga inda ƙwace ya kusa kai ka."

A hanyar komawa, Baba na tura keke, yaro na biye da shi.

"Baba, ka yafe mini."

"Laifinka biyu," in ji Baba. "Ka taɓa abin da ba a ba ka ba. Amma tun kafin wannan, ka yi shiru. Da ka gaya mini tun ranar farko, da kazarka na nan tana tono."

"Tsoro na ji."

"Na sani. Ai don irin wannan ranar Allah ya ba ka uba."

Yaro da kansa ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, ya binne kazar, don kada kare ya ci. Ya daɗe a wurin yana share hawaye.

Da safe Baba ya raka shi makaranta. Suka sami hedimasta, Malam Muhammadu Sani. Yaro ya faɗi komai, bai rage ba. Malam ya tara 'yan makaranta duka a fili.

"Wa Nababa ya taɓa karɓar wa jangali?"

Sai yaron nan ya ɗaga hannu. Wata yarinya ta ɗaga. Can sai hannuwa suka tashi ko'ina, kamar shuka bayan ruwa.

Malam ya riƙe baki. "Duk ku? Kuna da yawa haka, mutum ɗaya ya hana ku magana? Shirunku ne ƙarfinsa. Daga yau, duk wanda aka zalunta ya zo ya same ni. Kai ƙarar zalunci ba tsegumi ba ne."

Nababa ya fito gaba, kai a sunkuye, ya roƙi gafara. Malam ya ce hukuncinsa shi ne ya riƙa raka ƙananan yara burtali kullum, shi ne a baya, har ya ga kowa ya isa gida. Aikinsa na farko kuwa, ya hau ƙaya ya sauko da hular da ya cilla. Ya sauko yana ta tsince ƙaya a hannu, yara na dariya. Shi ma har ya ɗan murmusa.

Malam bai tsaya nan ba. Ya je wajen mai unguwa ya yi maganar Iya Asama'u. Maƙwabta suka riƙa aika mata da ɗan abin da ya samu.

Ban tuna ko sati nawa aka yi ba, sai hadari ya haɗo daga gabas. Aka kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita suna tsalle a cikinsa. Da gari ya waye, kowa ya ɗauki sungumi. Baba ya aika aka kira Nababa ya taya su shuka. Shi da yaro suka bi bayan Baba suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Gyaɗar nan da aka karɓo daga hularsa, Baba ya sa aka shuka ta a kunya biyu ta gefen gona.

Allah ya ba da damina mai albarka. Da aka cire gyaɗa, Baba ya nuna kunyoyin nan biyu, ya ce, "Nababa, wannan taka ce. Guminka ne."

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, yara suka hango Nababa a gindin tsamiya, ya tare hanya kamar da. Suka ja da baya.

"Jangali!" in ji shi.

Sai ya buɗe hularsa. Cike take da dafaffiyar gyaɗa.

"Yau ni ke biya. Ku yi layi! Kai, ɗan maraƙi, kai ne na farko."

"Ai ka ce na zama bajimi!" in ji yaro. Suka kwashe da dariya gaba ɗaya.

Yara, in wani ya takura muku a makaranta ko a hanya, kada ku yi shiru. Kada kuma ku yi sata ko ƙarya don ku faranta masa. Ku gaya wa iyayenku, ku gaya wa malaminku, tun ranar farko.