Ƙusa a Takalmin Malama

Ranar da ta fara shiga shagonsa yana liƙa dunduniyar takalmi. Ya ɗago kai, har gam ya bushe a yatsansa bai sani ba. Doguwa ce, malamar lissafi, tana ɗaga gwiwa sosai idan za ta taka.

"Kai ne mai yi wa marasa lafiya takalma?" ta tambaya, ta miƙa masa takardar asibiti.

Ta yi masa bayani tana murmushi kamar ta samu ɗalibi. Ciwon tsoka ne da ba a cika gani ba, ta gada wajen babanta, ya kuma lalata mata jijiyoyin ƙafa. Daga idon sawu zuwa ƙasa ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi.

"Ka ga ko takalmi ya ci mini ƙafa ba zan sani ba. Amana na ba ka."

Wallahi tun daga nan ya kamu. Ƙa'idarsa ce, kafin ya ba mai irin wannan ciwo takalmi, sai ya rufe ido ya bi cikinsa da yatsa. Nata kuwa sau uku ya bi. Ya sa mata suna Talatin-da-takwas, lambar ƙafarta, ita kuma tana ce masa Injiniya.

"Injiniya, yau na hau benen makaranta ban dafa ƙarfe ba. Hannunka akwai albarka," ta turo masa saƙo a waya.

"Talatin-da-takwas, mai ƙafar ce jaruma. Ni fata kawai na ɗinka."

Da ya kai maganar aure gida, Mama ta ce atafau.

"Ciwon gado? Jikokina fa? Ga ɗiyar ƙawata nan, lafiyarta lau."

Sati biyu bawan Allah bai san inda kansa yake ba. Ana cikin haka Malama ta kawo takalmin a sake masa ƙasa. Ya buga, ya goge, ya miƙa mata. Bai bi cikinsa da yatsa ba.

Washegari ta yini tsaye gaban allo. Daga makaranta ta wuce gidan su Injiniya, don ta ce ba za a yanke mata hukunci ba a gan ta ba. Yana tsaye bakin ƙofar falo ta gaida Mama.

"Mama, ban zo ɓoye komai ba. Likita ya ce abin da zan haifa zai iya gada, zai iya tsira. Da ciwon nan babana ya raine mu mu huɗu, kuma ban taɓa cewa da ma bai haife ni ba."

Mama ƙasa take kallo, inda safar yarinyar ta bar jini a kan tayil.

Ya ɗauki takalmin ya zura hannu, kan ƙusa ya soke shi. Ya zauna dirshan, hawaye na zuba.

"Ni ne. Ban duba ba."

"Ni ma ban duba ba, ai hankalinmu ne duka ba ya jikinmu," ta ce. "Haba Injiniya, ka daina kuka. Ni da aka soka ko a jikina."

Mama ta tashi ta kawo ruwan ɗumi da auduga, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana wankewa a hankali.

"Ina ta tsoron ki zame masa nauyi," ta ce daga baya. "Ashe wannan shashashan ne abin tsoro. Yarinya, zuciyarki ta fi tawa."

Sai da ciwon ya warke, wata uku cur, aka ɗaura aure. A ranar, Mama ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a. Duk yadda suka zo, ku kawo mini su, ni zan goya."