Wanda Ya Kwashe Pwezan Shangafu

Ranar da aka buɗe bakin tekun Shangafu, kusa da Mkoani, mata ɗari da wani abu suka shiga ruwa da sandunansu. Wata uku ƙauyen ya haramta kama pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, don ta yi girma kowa ya samu. Kafin hantsi suka fito da kwanduna wayam. An riga an kwashe ramukan.

Da Sufeto Kombo ya iso, ya tarar sun yi wa Mwatima zobe. Ita kaɗai kwamitin masunta ya yarje wa shiga ruwan a watannin haramcin. Duk Laraba takan sa gilashin nutso, ta goya tulun iskar shaƙa, ta nutse da ƙaramar kyamara, ta ɗauko hoton ramukan don a ga yadda pweza ke girma.

"Ɓarauniya mai gilashi!" in ji wata tsohuwa, Bi Asha. "Wata uku jikokina na cin rogo gaya, ke kina ƙiba!"

"Inna, wallahi ko hannu ɗaya ban taɓa ba."

"Rufe min baki! Yau za ki bar garin nan."

Kombo ya nemi a ba shi zuwa la'asar. Ya zaunar da Mwatima a rumfar kwamiti, ya ce ta sake nutso ta duba. Bayan awa guda ta dawo da bayani. Ramukan da ba su wuce gaba uku ba duk an yashe. Na can ƙasa, inda sai da tulu ake kaiwa, cike suke da manya.

Sufeton ya rubuta wannan. Mai tulun iska ba zai bar manya ya bi ƙanana ba. Ɓarawon da numfashinsa yake nutso.

Ya kira Faki, mai tuƙa Mwatima a kwale-kwale.

"Kana nutso?"

"Ni? Yallaɓai, dodon kunnena ya fashe tun bara. Ko wanka sai na toshe da auduga."

Kombo ya haska kunnen, ya sallame shi.

Saura Makame, mai gadin da ƙauye ya naɗa. Kullum yakan zagaya wurin a jirginsa, in ya dawo dattawa su leƙa ciki a gaban kowa.

"An taɓa samun ko ƙaya a jirgina?" in ji Makame. "Tambayi su Baba. Ni da nake soyuwa a rana saboda su!"

"Ranar Laraba ina kake tsayawa?"

"Can gefe, don kada in dame ta. Ita murjani take kallo, ni teku."

Kombo ya karɓi kyamarar. A bakinta akwai wani gilashi mai tudu kamar rabin ƙwarya. Mwatima ta ce mai faɗaɗa gani ne: takan matso har kamu ɗaya da rami, amma hoton ya kwaso komai, har hasken saman ruwa. Shi ya sa ba ta kula da gefuna, rami kawai take dubawa.

Sufeton ya bi gefunan ɗaya bayan ɗaya. A hoto na arba'in da biyu ya tsaya, ya ƙara girman kusurwar sama. Ya fito da shi gaban jama'a.

"Gindin jirgin wa ke da facin shuɗin kwano?"

"Na Makame," in ji Faki.

"Wannan fa da ke rataye a ƙarƙashinsa?"

Buhu ne, ɗaure da igiya a cikin ruwa. Hannun pweza biyu sun leƙo ta bakinsa.

"Kun yi ta leƙa cikin jirgi," in ji Kombo, "ba wanda ya leƙa ƙarƙashi. Yakan nutse inda numfashinsa ya kai, ya cika buhu, ya rataye shi a gindin jirgi, sannan ya kwance shi ya ɗaure a jikin dutse kafin ya iso gaɓa. Ya zaci kyamara inda aka nufa kawai take gani."

'Yan sanda biyu suka tare matan da ƙyar kafin a saka Makame a mota.

Bi Asha ta matso kusa da Mwatima, tana murza bakin mayafinta.

"'Yar nan, baki ne ya yi gaba. Laraba za ki shiga ko?"

Mwatima ta nannaɗe kyamarar a tawul.

"Zan shiga, Inna. Amma ke za ki riƙe min igiyar nutso."