Lefen Matafiyiya

Shafi'u yana duƙe a gonarsa ta bayan Azarori, yana rage rassan wani ɗan gawo da wuƙa, sai ya ji babur ya ci birki a bayansa. Wata budurwa ce ta diro, da hular porje irin ta ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara a kan mayafinta. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta hau shi da faɗa.

"Bawan Allah, mi iccen ga yay yi maka? Mu muna wahalad dashe, ku kuna sara!"

"Gyara nika mishi don shi miƙe," in ji Shafi'u. "Matso ki gani."

Ta matso, ta ga gaskiyarsa. Amma Nasiba 'yar Malam Yaƙubu na Buza ba ta saba ba da haƙuri da wuri ba. "To, ka iya," kawai ta ce, ta koma kan babur ɗinta. Shi kuwa ya tsaya riƙe da wuƙa yana murmushi kamar an yi masa kyautar saniya.

Aikinta ke nan, yawo ƙauye ƙauye tana koya wa manoma haƙa tassa da rabin wata, ramukan da ke tare ruwan sama a kan fako har ƙasa ta farfaɗo. Daga ranar sai ya zamana gonar Shafi'u ta fi kowace gona buƙatar dubawa. Kafin albasarsa ta nuna, shi ya san hanyar Buza kamar tafin hannunsa.

Shafi'u shi ne saurayi ɗaya tilo a unguwarsu da bai taɓa tafiya biɗa ba. Sa'o'insa duk sun watsu, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Legas. In sun dawo da manyan salula sai su riƙa kiransa kifin rijiya. Nasiba kam ba ta taɓa yi masa wannan gorin ba. Da safe saƙonta kan iso:

"Sarkin albasa, ka tashi lahiya? Kak ka sha rana da yawa, ni ka da asara."

Shi kuma ya mayar:

"Sanyin idona, ranad da ban ji muryakki ba ita ta mai zahi."

Iyaye suka gana, aka tsayar da biki bayan kaka. Sai ga labari ya zo.

Wata ƙungiya ce ta zaɓi matasa daga ƙasashen da fari ke damu, za ta zagaya da su duniya su ga yadda kowa ke yaƙi da hamada, su ma su nuna nasu. Habasha, Indiya, Ostareliya, Meziko, Barazil, a fita ta gabas a dawo ta yamma, kusan shekara guda. Daga duk jihar Tawa, Nasiba aka ɗauka. Ta je Yamai ta yi fasfo, aka yi mata allurar shawara har hannunta ya kumbura, ta sha layin biza. Kowace takarda ta fito sai ta aika wa Shafi'u hotonta, shi kuma ya yi ta nuna wa mutane da alfahari.

Nan ne fa Alhaji Alƙasim, mahaifin Shafi'u, ya ce bai san zance ba.

"Macce da yawon duniya, miji na zaune gida shina ban ruwa? Ba gidana ba! In tana son ɗana ta aje tahiyag ga. In ba ta so, ga Husaina nan ɗiyaƙ ƙanena, ko nan Bangi ba ta taɓa zuwa ba."

Wai Alhaji Alƙasim ne mai wannan magana! Mutumin da ya bar matarsa da goyo ya tafi Abijan, bai waiwayo ba sai da goyon ya fara kiwon awaki. A nan ƙasar Adar namiji ya ɗaura aure yau, jibi ya rataya jaka, a bi shi da addu'a da guzuri, a ce jarumi ne. Mace ta ce za ta leƙa waje sau ɗaya tak, sai duk garin ya tuna da kunya. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani.

Malam Yaƙubu kuwa ya zame jikinsa. Ya ce shi bai hana ba, amma tunda an sa rana, magana tana hannun gidan miji.

Shafi'u ya rasa inda zai sa kansa. Tsoron uba da tsoron rasa Nasiba suka haɗu suka sa shi ya yi wautar da bai taɓa yi ba. Ya rubuta mata:

"Sanyin idona, ko za ki haƙura da tahiyag ga? Duniya ba ta gudu. Ni dai kak in rasa ki."

Amsa ta zo kafin ya mayar da salula aljihu:

"Shafi'u, inna ta jira, kakata ta jira, yayata har yau jira takai. Ban taɓa jin an ce ma namiji shi haƙura ba. Na ɗauka kai daban na. Kak ka ƙara kirana."

Ya kira, ta kashe. Ya aika saƙo, ba ta buɗe ba. Ya je Buza, ta aiko ƙawarta Ikram ta ce masa ba ta nan, alhali babur ɗinta yana jingine a zaure.

Son nan dai bai je ko'ina ba, shi ya sa fushin ya fi ciwo. Tana cikin wannan hali Ikram ta shigo mata da wani sabo. An ga Shafi'u da mahaifiyarsa Inna Takawa a kasuwar Madawa suna cinikin ƙaton akwati mai taya, kuma kowa yana cewa lefen Husaina ne. Nasiba ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya yi jawur.

Ba a yi mako ba mahaifinta ya kira ta.

"Mutanen Azarori sun aiko. Lehenki na tahe ran Lahadi."

"Nawa, Baba? To tahiya hwa?"

"Wanda yak kawo lehe ai ya gama magana. Ki aje batun jirgi."

Ashe ba Husaina ba ce. Ita ce, kuma an yanke mata hukunci ba tare da an tambaye ta ba. Nasiba ta rasa wanne ya fi baƙanta mata rai, a auri wata ko a aure ta kamar akuyar da aka saya a ɗaure. Ranar Lahadi ta ƙi wanka, ta ƙi kwalliya, ta zauna a ƙuryar ɗaki da fasfonta a cinya. Ta riga ta ƙudura, ko za a tsine mata, sai ta fito ta ce a mayar da kayan.

Matan Azarori suka iso da guɗa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Gogo, yayar Malam Yaƙubu, ta ja akwatin gabanta don ta buɗe a gaban kowa kamar yadda aka saba. Daga ɗaki Nasiba ta ji ƙarar zip, sai guɗa ta yanke. Sai muryar Gogo ta tashi har maƙwabta suna ji.

"Wanga wane irin wulaƙanci na? Ina atamhwa? Ina leshi? Rigas sanyi ta gwanjo kamab bargo! Takalmin sojoji! Safa! Mi za ta yi da safa cikin zahin Buza? La'ilaha, hag gabu da yaji! Ɗiyammu kunka raina ko mu?"

Nasiba ta miƙe. Ba ta san lokacin da ta kai bakin ƙofa ba.

Akwatin yana buɗe a tsakiyar mata. Ga doguwar rigar sanyi mai hula, ga takalman tafiya daidai ƙafarta, ga ƙaramar darduma da za ta shiga jaka. A gefe kuma ƙullin kilishi ne da dakuwa da busasshen gabu, an ɗaure su tam irin ɗaurin wadda ta daɗe tana sallamar matafiyi.

Inna Takawa ta bar Gogo ta gama, sannan ta gyara zama.

"Atamhwa na nan cikin mota, Gogo, ba mu manta ba. Wanga na hwarko shi na saƙon ɗana. Ya duƙa gaban ubanai yac ce in ba Nasiba ba, ba shi aure, kuma ba shi auren ta da karyayyen rai. Alhaji yat tashi da hwaɗa, nic ce mishi, Alhaji, guzuri nawa niɗ ɗaure maka da hannun ga? Damana nawa nin nome gonakka ni ɗai? Ranad da kad dawo, ɗanka ɓoyewa yay yi bayana don bai san ka ba. Ni ban ji kunyaj jiranka ba, shi ma ba ya jin kunyaj jiran matatai. Sai da sahe Alhaji yam miƙo ma Shafi'u dardumag ga, yac ce da ita yat tahi Abijan."

Rabin matan da ke zaune a tabarmar nan mazansu suna wata ƙasa. Wata ta share ido da bakin zane. Gogo ta juya rigar sanyin, ta ja tsaki, ta ce ai ko launi mai kyau bai iya zaɓa ba. Sannan ita da kanta ta rangaɗa guɗa.

Nasiba ta koma ɗaki, ta kunna salula.

"Sarkin albasa, rigag ga ta yi muni."

"Na sani, sanyin idona. Don kak kowa shi dube ki can."

"Har yanzu ina hushi da kai."

"Ki taho ki yi hushin cikin gidana. Kin yarda?"

"Na yarda."

Aka ɗaura aure bayan an kai gero rumbu, Alhaji Alƙasim da kansa ya raba goro. Amarya ta tare ta yi 'yan makonni a ɗakinta, sannan ranar tafiya ta zo.

A tashar Madawa, wurin da mata suka saba tsayawa suna ɗaga wa maza hannu, ranar an ga namiji ɗaya a cikinsu. Wani abokin Shafi'u da ke cikin motar da Nasiba ta shiga ya leƙo ta taga ya ce, "Kifin rijiya, amarya ta bar ka?"

"Ta bar ni da gida," in ji Shafi'u, idonsa yana kan Nasiba. "In ta dawo ta iske mijinta ya san ta."

Inna Takawa ta dafa kan surukarta ta taga. "Allah shi kai ki lahiya, ɗiyata, shi maido muna ke lahiya. Allah shi yi ma aurenku albarka. Ki dubo muna duniyag ga da kyau, mu da munka daɗe muna jin labarinta ga bakin maza."

Duk matan tashar suka amsa da amin.