Sai Shugaba Ya Ba Ka Dama

Ruwan sama ne ya koro Ya'u cikin wani ajin firamare a Haɗejiya, wata Asabar da la'asar a daminar 1992. Ya faɗa ciki yana yarfe ruwa, sai ya ga abin da ya sa ya manta da jiƙewarsa.

Samari da 'yan mata ne zaune sahu biyu suna fuskantar juna. A tsakiya ga teburi, an kwantar da taɓarya naɗe da ƙyalle mai ruwan zinare, a matsayin sandar majalisa. Malam Ishaku, tsohon malamin makaranta mutumin Filato, ya hakimce a kujera. Shi ya ƙirƙiro wannan majalisar wasa: kowa da garin da yake wakilta, ga ɓangaren gwamnati, ga na adawa.

Wata yarinya ce tsaye tana magana.

"Mai girma Shugaba, wakilin Haɗejiya ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta, amma ko ƙwarya ɗaya ba mu tara ba."

Aka yi dariya, Malam Ishaku ya ƙwanƙwasa teburi, aji ya yi tsit. Ya'u ɗan masunta ne daga Kirikasamma, inda ya saba mai ƙarfin murya shi ke da gaskiya. Bai taɓa ganin an yi wa mutum kaca-kaca cikin ladabi haka ba. Ya saki baki yana kallo, abin ya cika shi da mamaki, yarinyar kuwa ta tafi da zuciyarsa. Mairam ke nan, 'yar Malam Zarami mai fataucin bandar kifi, jagorar 'yan adawa.

A ranar ya shiga. Suka ba shi wakilcin garinsu a ɓangaren gwamnati, Malam Ishaku ya karanta masa ƙa'ida.

"Muddin taɓaryar nan tana kan teburi, ba ka magana sai na ba ka dama. Ba ka fuskantar kowa, komai ta hannuna zai bi. Ka karya, ka fita."

Wannan fa shi ne ciwon, domin Ya'u zuciya gare shi kamar kuturu. Sau uku ana fitar da shi a watan farko. Ranar da ya kawo ƙudirinsa na farko kuma, Mairam ta miƙe ta yi fata-fata da shi. Gogan naka ya yi fushi, ya ƙaurace wa majalisa, har ta aiko masa da 'yar takarda:

"Wakilina, adawa aikina ne a cikin aji. A waje kuwa ƙuri'ata ɗaya ce, ka kuma san akwatin da na jefa ta. Ka dawo, benci ya yi mini faɗi."

Ya karanta har takardar ta yi laushi. Washegari ya je zance.

"'Yar adawata, ashe ba tsanata kika yi ba?"

"Wanda aka tsana ai ba a ɓata masa yawu," ta ce tana wasa da gefen mayafi. "Amma Baba ya ji labarin damben da ka yi a kasuwar kifi bara. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai iya riƙe zuciyarsa ba. Ya ce ma ran Asabar zai zo ya ga wace irin majalisa ce, in bai gamsu ba na bar ta."

Tsoro ya kama Ya'u ƙwarai, don ya san halinsa.

Labari ya kai kunnen Tukur, wakilin Haɗejiya, wanda ya daɗe yana son Mairam tana yi masa kunnen ƙashi. Ran Asabar Malam Zarami ya zo ya zauna a bencin baya da carbinsa. Ya'u ya gabatar da ƙudiri a kan ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadama. Yana zama Tukur ya miƙe, ya juya baya ga Shugaba, ya nuna shi da yatsa.

"Kai Ya'u! Wa ya aike ka? Je ka wanke ƙarnin kifin ubanka tukuna, ka zo ka zauna cikin mutane!"

Jini ya hau wa Ya'u ka. Ya miƙe zumbur, hannu a dunƙule. Mairam ta rufe ido. Sai idonsa ya sauka a kan taɓarya, tana nan kwance inda take. Sannu a hankali ya buɗe hannun, ya ɗaga shi sama, ya tsaya.

Malam Ishaku, tsohon wayo, bai yi gaggawa ba. Ya fitar da Tukur tukuna, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya'u na tsaye, hannu a sama, yana jira.

"Wakilin Kirikasamma," in ji Malam Ishaku.

"Mai girma Shugaba," in ji Ya'u, "gaskiya aka faɗa, da ƙarnin kifi aka rene ni, ina kuma gode wa Allah. Ina roƙon a koma maganar ruwa."

Shi kansa Ya'u mamakin bakinsa yake yi.

Sai aka ji motsi a baya. Malam Zarami ne ya miƙe. Mairam ta ja mayafi, ta ɗauka tafiyarsa zai yi. Amma dattijon bai yi magana ba. Hannu ya ɗaga, carbi na lilo, ya tsaya yana jira kamar kowane yaro. Mutumin da in ya yi gyaran murya kasuwa ke nutsuwa, ga shi yana neman izini a gaban taɓarya!

"Baƙonmu yana da dama," in ji Malam Ishaku.

"Mai girma Shugaba, na ji an ce komai ta hannunka yake bi. To, a gaya wa wakilin Kirikasamma ya turo magabatansa."

Ranar dai ƙa'ida ta karye. Malam Ishaku ya yi ta buga teburi, babu mai jin sa, shi ma daga baya ya haƙura ya shiga tafi.

Bayan ruwa ya janye aka ɗaura aure, 'yan Kirikasamma suka cika ƙofar gidan Malam Zarami, ana ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari. Malam Ishaku ya kawo tasa gudummawar naɗe cikin ƙyalle mai ruwan zinare.

Taɓaryar ce. Mairam ta jingina ta a kusurwar ɗaki, ta dubi angonta.

"Wakilina, akwai magana?"

Ya'u ya ɗaga hannu, ya jira.

"Na ba ka dama," ta ce tana murmushi, "har ƙarshen rayuwa."